Kalmar season, daga gona zuwa tukunyar miya

Makon jiya 'yar ƙanena, wadda ke karatu a sashen Ingilishi na wata makarantar sakandare a nan Garwa, ta same ni a zaure bayan la'asar, riƙe da littafinta na aikin gida. An ba su bayanin yadda ake gasa nama, aka ce su mayar da shi Faransanci, sai ta tsaya cak a kan jimlar da ta fara da "season the meat". Ta ce, "Baffa, a aji an koya mana cewa season lokacin shekara ne, kamar saison, to, shi nama wane lokaci gare shi?" Na yi dariya, amma ban ga laifinta ba, domin mu 'yan arewacin Kamaru ta ƙofar Faransanci muke shiga Ingilishi, kuma idan muka ga kalmomi biyu sun yi kama sai mu ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke a kowane hali.

A nan kuwa dangantakar gaskiya ce. Ingilishi ya aro season ne daga tsohon Faransanci, a cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga satio ta Latin, wadda ma'anarta shuka. Da farko lokacin zuba iri kalmar ke nufi, daga baya ta faɗaɗa ta rufe kowane yanki na shekara. Turawa sun raba shekararsu huɗu, spring, summer, autumn da winter, Amurkawa kuma suna kiran na ukun fall saboda zubar ganye.

Matsalar tana farawa ne idan aka ce sai an dunƙula namu lokutan a cikin waɗannan huɗun. Mu muna da bazara, wadda a Garwa zafinta kan haura maki 40 a watannin Maris da Afrilu, har Binuwai ya janye ya bar rairayi. Muna da damina, da marka a tsakiyarta cikin Agusta, sannan kaka, sannan hunturu da hazonsa, ga kuma rani da ya haɗe dukan watannin da ba ruwa. Kafofin labarai na Hausa sun saba fassara summer da bazara, kuma ni wannan bai taɓa kwanta mini ba, domin summer na Turai daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da manominmu ke tsakiyar noma ruwa na dukan bayansa. Ko a cikin Kamaru ma ba a daidaita ba, tunda mutumin Yawunde damina biyu yake lissafawa a shekara, mu kuwa ɗaya tak muke jira.

Amsar tambayar yarinyar tana cikin aikatau. Idan kalmar ta zama aiki, nufinta a sa wa abinci gishiri da kayan yaji, abin da Faransanci ke kira assaisonner. Masana asalin kalmomi sun ce tunanin ya taso ne daga 'ya'yan itace: mangwaro ba ya zaƙi sai lokacinsa ya yi, don haka wanda ya gyara abinci har ya yi daɗi kamar ya nunar da shi ne. Na shiga ciki na ɗauko mata fakitin dunƙulen da ya zo daga Najeriya ta hanyar Yola, na nuna mata seasoning rubuce a jikin ledar. Kullum tana ɓare shi a miya, ba ta taɓa karanta abin da ke jikinsa ba.

Wannan ma'anar ta nuna da gyaruwa ita ce ta fi burge ni, domin ta bar madafi ta tafi wurare da dama. Kafinta yana kiran katakon da aka ajiye har ya bushe seasoned, wato wanda ba zai lanƙwashe ko ya tsage ba bayan an yi ƙofa da shi, kuma duk wanda ya taɓa sayen ƙofar ɗanyen katako ya ga yadda hunturu ya buɗe mata baki ya san amfanin kalmar. Haka ake faɗa wa gogaggen direba ko soja ko malami, mutumin da mu za mu ce ya ga jiya ya ga yau.

Sauran amfanin ba su da wahala. Abin da ake kira in season shi ne abin da ake yayinsa a kasuwa, kamar albasar Marwa idan ta faɗo, out of season kuma akasinsa. Seasonal worker ba kowa ba ne illa ɗan cin rani. Masu yawon buɗe ido suna da high season, wato lokacin cinkoso, wanda a gandun dajin Waza yake faɗowa cikin rani, sa'ad da hanya ta bushe kuma namun daji ke taruwa a bakin tafkuna. A wasan kwaikwayo mai dogon zango, masu shirya finafinan Hausa sun riga sun yanke hukunci, suna cewa zango na ɗaya, zango na biyu, kuma a ganina sun dace, tunda zango masaukin matafiyi ne kafin ya sake ɗaukar hanya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne ƙwallon ƙafa. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu, ƙungiyoyi 20 kowacce da wasa 38, kuma wannan tsawon shi Bature ke kira season. Da Bahaushe ya tashi neman kalma, sai ya ce kakar wasa, har yanzu a majalisar masu shayi za ka ji ana gardamar ko Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, za ta ɗauki kofi a kakar bana. Bature ya ɗauko kalmarsa daga ranar da aka zuba iri, Bahaushe kuma daga ranar da aka kai amfani rumbu, alhali babu ko zangarniya ɗaya a filin wasa.

Yarinyar ta rubuta assaisonnez la viande, ta rufe littafin. Har ta kai ƙofar zaure sai ta juyo ta ce, "Baffa, ke nan mai tsire na bakin kasuwa seasoned ne, namansa ma seasoned ne?" Na ce mata haka ne, amma kada ta rubuta wannan a jarrabawa.