Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Muhawara da Wayar Aro

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba Malam. Zaman da na yi a Gwammaja sai wani jiƙon, domin maganar 2020 ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, 16 ga Afrilu kuma aka kulle Kano ruf, ga azumi ya kawo kai. Ni ke koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare, insha'in muhawara ne a gabanmu. Mai makarantar ya ce a buɗe zaure a WhatsApp. Albashi kuwa, wai sai an dawo.

Yaran ba su da waya. Ta uba ce ko ta yaya, sai an sha ruwa ake ba su aro. Na fari da suka turo duk "ni dai a ganina" ne da rantsuwa. Sai na hana rubutu tukuna. Kowa ya turo murya ta minti ɗaya: ga matsayina, ga hujja biyu, ga abin da abokin gardama zai ce. Wannan na ƙarshen daga Baba Malam na gaje shi. A zauren gida yakan ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa ba, tasa ma bai san ta ba. Da wannan dabarar ya taɓa rufe bakin Kawu ranar rabon gonar Bichi, shi ya sa har yau 'ya'yan Kawu ke gaishe mu ciki-ciki.

Na ba su batu: shin kulle kasuwanni daidai ne? Wata yarinya, ubanta ɗan Kantin Kwari, ta ce ba daidai ba ne. Ta kawo buhun shinkafarsu da ya ƙare, ta kawo cunkoson Litinin da Alhamis da ake sassauta dokar. Na ce, "'Yata, mai goyon bayan kullen fa?" Ta yi shiru kwana biyu, sannan hoton littafinta ya shigo, an ɗauka a hasken cocila, gefen shafin da maiƙon miya. Ta rubuta cewa maƙwabcinsu na cikin dattawan da aka yi ta binnewa a makonnin nan, don haka tsoron bai zama wauta ba, amma yunwa ma tana kisa. Na karanta wa Inna da ƙarfi, ta ce wannan jinin Baba Malam ne ko da aro.

Datar da na buɗe hoton nan, da kuɗin adashena na saya.

Da aka koma, mai makarantar ya karanta rubutunta a taron iyaye, ya ce amfanin "tsarinmu na intanet" ke nan. Bai ambaci sunana ba. Albashin watannin kullen har yau yana hannunsa, kuma ban yafe ba. Mako mai zuwa za ku ji yadda na ajiye masa aikinsa.