Inda muka kwana da QY100: ma'adana ta cika, zubi ya rikice

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mun wuce matakin danna maɓalli don kawai a ji sauti ya fito. Yanzu mun iso inda kowa ke cin tuntuɓe: ana tsakiyar ɗaukar kiɗa sai allon na'ura ya rubuto Memory Full, ko a gyara ganga a wuri ɗaya a tarar ta canza a wurare uku. Matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya, shi ya sa aka haɗa su a wannan zama.

Na'urar da muke aiki a kanta ita ce Yamaha QY100, ƙaramar na'urar tsara kiɗa da ta fito a 2000, ƙanwar QY70 ta 1997. Wanda ke riƙe da QY70 ya biyo mu, tsarinsu kusan ɗaya ne, sai dai tasa ba ta da ramin kati. Ma'adanar tana ɗaukar noti kusan 32,000, kuma rumbu ɗaya ne. Waƙoƙi 20 da salo 64 na mai na'ura duk daga cikinsa suke ci. Babu kason waƙa daban, na salo daban. Waƙa ɗaya mai haɗama tana iya hana sauran goma sha tara wurin zama.

Ga yadda ginin yake, da sunayen da za mu riƙa kira. Salo shi ne Style. Kowane salo yana da sashe shida: Intro, Main A, Main B, Fill AB, Fill BA da Ending. Sashe ɗaya shi muke ce wa zubi, kuma tsawonsa ba ya wuce gaɓa takwas (gaɓa ita ce Measure, rukunin bugu da ake auna kiɗa da shi). Kowane zubi yana da layi takwas: D1 da D2 na ganguna, PC na ƙananan kayan bugu, BA na bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, sai C1 zuwa C4 na kodi, wato notoci da yawa da ake bugawa tare. Abin da ake ɗorawa a kan layi shi ne jimla, wato Phrase. Salo ɗaya yana da gurbin jimla 48, wato shida sau takwas.

Abin da ya kamata ya zauna a kai shi ne wannan: layin zubi ba ya riƙe kiɗa. Lambar jimla kawai yake riƙewa, kamar yadda tikitin ajiya a tasha yake nuna buhu amma ba shi ne buhun ba. Notocin suna cikin jimla. In an ɗora jimla ɗaya a sashe huɗu, sau ɗaya ta ci wuri. Jimlolin da kamfani ya zuba, sama da 4,000, ba sa taɓa rumbunmu ko kaɗan, don a wata ma'adana suke wadda ba a gogewa.

Mu yi lissafi. Waƙa ce ta minti huɗu, gudunta 120, bugu huɗu a gaɓa. Gaɓa 120 ke nan. Faifan hayat, wato hi-hat na cikin ganguna, da ke kaɗawa sau 16 a kowace gaɓa, in aka buga shi kai tsaye a layin waƙa (waƙa tana da nata layuka 16, daban da na zubi) daga farko har ƙarshe, ya ci noti 1,920 shi kaɗai. In aka mayar da shi jimla mai gaɓa ɗaya, noti 16 ne, domin gajeriyar jimla tana maimaita kanta har ta cike tsawon zubi. A ce duka rakiyar, ganga da bes da kodi, tana cin noti 60 a gaɓa. A layin waƙa 7,200 ne, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na rumbun. Waƙa huɗu irin wannan, saura kaɗan rumbun ya cika. A zubi kuwa, sashe shida masu gaɓa huɗu huɗu ba su wuce 1,440 ba, ko da babu jimlar da aka maimaita.

Saboda haka ƙa'idar da muka tsayar ita ce: duk abin da ke dawowa ya tafi zubi, layukan waƙa 16 a bar wa abin da ba ya dawowa, kamar amon sarewa ko amshin fiyano. Wanda ya riga ya cika waƙarsa da maimaici ba sai ya sake bugawa ba. Aikin Get Phrase yana ɗebo gaɓoɓi daga layin waƙa ya zuba su a gurbin jimla. A ɗebo, a ɗora a zubi, a saurara, sannan a share layin da Clear Track.

Sai ɓarawon da ba a gani. Na'urar ba noti kaɗai take ajiyewa ba, kowane motsi na MIDI, wato saƙonnin da kayan kiɗa na lantarki ke aika wa juna, umarni ne mai cin wuri. Masu son kwaikwayon kalangu sun fi kowa shiga wannan rami. Dabarar sananniya ce: a zaɓi muryar Melodic Tom, ta 118 a jerin muryoyi na General MIDI, a buga, a murza dabaran lanƙwasa sauti na fiyanon waje yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata. Yana fitowa da daɗi. Amma murzawa ɗaya tana zubo umarni gomomi, kowanne da gurbinsa. Ku buɗe jerin Edit na wannan jimla ku gani: noti ɗaya a sama, ƙarƙashinsa PB, PB, PB, wato umarnin lanƙwasa sauti, kuna ta gangarawa ba su ƙare ba. Fiyanon da ke aiko da matsin yatsa bayan an danna, wato Aftertouch, ya fi wannan ɓarna, domin yana zuba ko ba a nema ba. A kashe shi daga fiyanon kafin a fara ɗauka.

Maganin wanda ya riga ya shiga shi ne Thin Out. Ana zaɓar irin umarnin, ana ba shi iyakar gaɓoɓi, sai ya cire ɗaya ya bar ɗaya. A yi sau ɗaya a saurara. A yi na biyu a sake saurara. Yawanci a na uku ne kunne ke fara jin sautin yana hawa tsani maimakon ya zame, to nan sai a koma da Undo. Bayan an rage, a duba umarnin PB na ƙarshe, lallai ya zama sifili. In wanda ke mayar da sauti mazauninsa yana cikin waɗanda aka cire, noti na gaba zai fito a karkace, kuma da yake jimla tana zagayowa, karkacewar za ta bi ta ko'ina. Wanda yake son tsabta tun farko ya rubuta lanƙwasar da Create Continuous, inda shi ne zai faɗi tazarar da ke tsakanin umarni da umarni.

Undo mataki ɗaya ne tak. Kada a yi Thin Out, a bi shi da Quantize, wato daidaita bugu, sannan a tuna ana son komawa.

Ɓarawo na biyu shi ne tagwayen noti. A ɗaukar Overdub zubi yana zagayawa, abin da aka buga a zagaye na biyu yana hawa kan na farko. In hannu ya sake dukan babbar ganga a wuri ɗaya, sannan aka daidaita bugu, notocin biyu sai su faɗa ɗigo ɗaya, wato mafi ƙanƙantar ma'aunin lokaci a cikin bugu. A jerin Edit za ku ga layi biyu a jere, gaɓa 1, bugu 1, ɗigo 000, dukansu notin C1, wato na babbar ganga. A kunne kuma gangar takan yi wani amo siriri kamar ana buga ta cikin bututu. A goge ɗaya. Ku duba notin D1 na ƙaramar ganga da notin F#1 na hayat, nan suka fi taruwa.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a raba. In sauti yana yankewa ana cikin kiɗa, ba ma'adana ba ce ta cika. Na'urar murya 32 take iya fitarwa a lokaci guda, wasu muryoyin kuma gurbi biyu suke ci a noti ɗaya. Share waƙoƙi ba ya warkar da wannan. Rage kaurin kodi da gajarta notocin da ke jan jiki shi ne magani.

Yanzu gyaran zubi. Tunda layi lamba yake riƙewa, in jimla ta 001 tana kan D1 a Main A da Main B da Ending, ƙara duka ɗaya a cikinta ƙari ne a duka ukun. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Kafin a taɓa kowace jimla, a leƙa sassan shida a ga inda lambarta ta bayyana. In ana son Main B ya bambanta, a yi Copy Phrase zuwa gurbin da babu komai, a ɗora sabuwar lambar a Main B, sannan a gyara. Haka ake yi wa jimlar kamfani ma, don ba ta gyaruwa a inda take, sai an kwafo ta. Daga lokacin da aka kwafo ta kuwa ta fara cin rumbu.

Akasin haka ma gaskiya ne. Cire jimla daga layi bai goge ta ba. Tana nan a gurbinta da notocinta, marainiya, babu zubin da ke kiranta. Salon da aka daɗe ana gwaji a kansa yakan tara irinsu da yawa. A bi gurabe 48 ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba a kira a share ta da Clear Phrase, a duba Used Memory, wato ma'aunin wurin da aka ci, kafin da bayan. Takarda da biro sun fi komai amfani a nan: gida shida a kwance, takwas a tsaye, a rubuta lambar kowace jimla a gidanta. Sanya wa jimla suna da Phrase Name yana da gajiya da waɗannan ƙananan maɓallai, amma bayan wata biyu babu mai tuna abin da ke cikin 017.

Wajen Quantize, a riƙe lambobi. Bugu ɗaya ɗigo 480 ne, rabinsa 240, rubu'insa 120, sulusinsa 160. Kiɗan da ke tafiya uku uku, irin wanda kunnenmu ya saba da shi, notocinsa suna kan 000 da 160 da 320. In aka daidaita shi a ma'aunin 120, na 160 zai koma 120, na 320 ya tafi 360, kiɗan ya fara ɗingishi. A zaɓi ma'aunin sulusi. Ƙarfin daidaitawar ma ba dole ya kai 100 ba, wajen 70 yana gyara kuskure ya bar ɗan sakin hannu. In gwaji kawai ake yi, Play Effect ya fi, don yana canza abin da ake ji ba tare da ya taɓa notocin ba.

Wani abu da ke rikita sabon hannu shi ne nau'in jimla. Kowace jimla tana da kodin asali da aka buga ta a kansa, da nau'in da ke gaya wa na'ura yadda za ta juya ta in kodin waƙa ya canza. In an buga bes a kan Am amma kodin asali yana nuna CM7, na'urar za ta yi lissafi daga wurin da ba shi ba, notocin su fito bare. A gyara kodin asali ya dace da abin da aka buga. Ganguna, har da kalangun nan na Melodic Tom da aka ɗora a layin C, a sa su a Bypass, in ba haka ba za su riƙa bin kodi sama da ƙasa.

Expand Backing sai a yi hattara da shi. Yana warware zubi da kodi ya shimfiɗa su noti noti a layi na 9 zuwa na 16 na waƙar, ya danne abin da ke wurin. Wato 7,200 ɗin nan da muka guje wa ta dawo. Amfaninsa shi ne in za a fitar da waƙa zuwa kwamfuta. A yi shi a kan kwafi, a adana, a share kwafin.

Batun adanawa gajere ne amma ba a tsallake shi. Abin da ke riƙe ma'adana in an kashe na'ura ɗan batirin lithium ne a ciki, ba batura shida na AA ba. Waɗannan na'urori sun haura shekara ashirin da fara fitowa, yawancinsu kuma na hannu ne, don haka a ɗauka batirin ya tsufa. Ranar da ya mutu ko aka cire shi, komai ya tafi. A adana duka bayanai a katin SmartMedia mai 3.3V kafin kowane babban share-share, mai QY70 kuma ya tura nasa kwamfuta ta MIDI. Inda wuta ba ta da tabbas, a zare adafta a yi rubutun kati da sababbin batura. Loda fayil ɗin duka bayanai yana shafe duk abin da ke cikin na'urar, saboda haka a adana na yanzu da wani suna tukuna.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki salo ɗaya, ya zana gidajen nan 48, ya rubuta abin da Used Memory ke nunawa, ya share marayu da tagwaye, ya yi wa PB Thin Out sau biyu, ya sake dubawa. A zama na gaba za mu shiga Fill AB da Fill BA, yadda ake gina su daga kwafin jimlar Main A ta hanyar canza bugu biyu na ƙarshe kawai.