Kafin ka goya injin feshi, durƙusa ka juya ganyen

Ranar Talata da hantsi na tarar da ɗan ƙanina a bakin gonarsa, nan yankinmu na Kura, ya jera kwalabe uku a ƙasa. Wakensa ko kwana 20 bai cika ba. Darɓa ce, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, ya gani ta taru a kan wasu tsirai ta gefen gabas, shi ne zai haɗa magungunan ƙwari, lamda da daimetowet da wani na ukun da takardar jikinsa ta goge, ya zuba a injin goyo mai lita 16, ya bi gonar kaf. Na ce ya dakata. Ya ce, "Baffa, in na bari ai cinyewa za ta yi."

Na durƙusa na juya masa ganye ɗaya. A tsakiyar darɓar akwai wata 'yar halitta da ta ɗan fi ƙwayar shinkafa, baƙa-baƙa da ɗigon ruwan ɗorawa a baya, ƙafa shida, siffarta kamar ɗan kada. Ya leƙa ya ce ai wannan ce uwar darɓar. Jikina ya yi sanyi, domin kalmar da na yi shekaru ina faɗa wa mutane ke nan, har ina murƙushe ta da yatsa ina nuna musu.

Ba uwar darɓa ba ce. 'Yar ƙwaron nan ce mai kama da rabin ƙwayar wake, mai bayan da ke ƙyalli, ja ko ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige ko zanen baƙi. Uwar tana jera ƙwai masu ruwan ɗorawa a tsaye, curi guda, a ƙarƙashin ganye kusa da darɓa. Ɗan kadan nan da ya fito yana cin darɓa ɗaruruwa kafin ya manne a ganye ya rikiɗe, babban kuma yana cin gommai a wuni. Ma'aikaci ne da ba ya karɓar ladan ƙwadago, ni kuwa na yi shekaru ina sayen guba da kuɗina ina kashe shi.

Yadda nake yi a lokacin, feshi duk mako, ko na ga ƙwaro ko ban gani ba. Ina cewa rigakafi ya fi magani. Awona murfin kwalba ne: in takarda ta ce kaza, sai na ƙara murfi ɗaya don ya yi ƙarfi. Ina haɗa magani biyu ko uku a tanki guda, ina fesawa da rana tsaka lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. Kuma ba gonata kaɗai ba, ina yi wa mutane feshin haya, wanda ya ga nawa ya kwaikwaya. Wannan ya fi komai damuna.

Amma a yi adalci. Wa ya faɗa mana? Malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka da yawa, mai shagon magani shi ne malaminmu, shi kuma abin da ke kan kantarsa ya sani. Ka ci bashin taki, ka biya kuɗin ruwa da na fetur, dillali ya buɗe kwandon tumatir ya ga huda ɗaya ya karya farashi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya tsayawa ƙirga ƙwari. Kuma a shekarun farko abin yana aiki, ka fesa da safe, da yamma ka ga ƙwari zube a kwari. Har yau ba na cewa duk feshin da na yi kuskure ne. Sai dai akwai abin da idona ya gani na ƙi tsayawa in yi tunani a kai: duk lokacin da na wanke gona da lamda, bayan kwana goma zuwa mako biyu darɓa na dawowa fiye da da.

Dalilin a fili yake. Darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, 'yar kuma cikin kamar mako guda ta fara haihuwar nata. Tana ɓoye a ƙarƙashin ganye da cikin tohon da ya nannaɗe, inda ruwan feshi ba ya isa sosai, don haka kullum akwai masu tsira. Mai cin ta kuwa yawo yake a sarari, yana taka ganyen da aka jiƙa da guba, yana cin darɓar da ta sha guba, shi ne ke fara mutuwa. Kuma daga ƙwai zuwa babba yana ɗaukar wajen mako uku. Ka ga kafin ya farfaɗo darɓa ta yi jikoki, babu mai taɓa ta. Sai in ce maganin ne jabu, in ƙara murfi. A tumatir da attaruhu haka ya riƙa faruwa da farin ƙuda da jan ƙwaron nan mitsitsi mai saƙa a bayan ganye: yawan fesa dangin lamda da saifametirin na tayar da su, domin yana share masu cin su, su kuma ya bar su.

Ba mai ɗige-ɗigen kaɗai na kashe ba. Akwai wata tsutsa mara ƙafa, launin kore-kore, mai tsinin kai, da ke kwance cikin darɓa tana ɗaga ta sama tana tsotsewa. Uwarta ƙuda ce mai kama da zuma, wadda ke tsayawa cak a iska a kan fure. Akwai wani koren ƙwaro mai fiffike kamar raga, ƙwansa kowanne a kan siririn zare yake tsaye a jikin ganye, ɗansa mai baki kamar lauje biyu. In ka ga darɓa ta kumbura ta bushe ta zama ruwan ƙasa, wata da 'yar ƙofa zagayayya a baya, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinta, ɗansa ya cinye ta daga ciki ya fita. Rina da nake ƙone wa sheƙa a bakin gona tsutsa take farauta ta tauna wa 'ya'yanta. Tsatso mai almakashi a gindi, wanda ke kwana a ƙoƙon masara, ƙwan tsutsa da ƙananan tsutsotsi yake ci. Ga gizo-gizo, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ko da yake shi ƙoƙi-ƙoƙi ba ya zaɓe, har na kirkin yana kamawa. Abu ɗaya da za a kula: akwai mai ɗige-ɗige da ke cin ganyen kankana da kabewa. Shi bayansa ba ya ƙyalli, kamar an barbaɗa masa ƙura, ɗansa kuma ruwan ɗorawa ne mai ƙayoyi, yana kankare ganye ya bar shi kamar raga. Wannan maɓarnaci ne.

Da tsutsar tuta, wadda muke kira sharon, ta faɗa wa tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam a 2016, ba zan ɗauki laifin zuwanta ba. Baƙuwa ce, asalinta Kudancin Amurka, ta zo ba tare da maƙiyanta na gida ba. Amma abin da muka yi bayan ta zo namu ne. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, ko ta huda ɗan tumatir ta shige, gubar da ke kashewa ta taɓa jiki ba ta kai wa gare ta. Muka koma feshi duk bayan kwana biyu ko uku da maganin da ba ya samun ta, muna kashe 'yan tsirarun da za su iya cin ƙwanta a kan ganye. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai sama da 200, cikin kamar wata guda kuma wani zubin ya taso. Wanda bai mutu ba shi ke haihuwa, 'ya'yansa su gaji taurin kansa. A shekarar ce kuma tsutsar masara mai shiga ƙoƙo ta ɓulla a Najeriya, muka tarye ta da hali iri ɗaya.

Wanda ke ganin zancen ƙwaro ya ci ƙwaro tatsuniya ce, ya tambayi tarihin rogo. Da wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya nemi ƙarar da rogon Afirka, ba feshi ne ya tsayar da shi ba. Masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ne suka kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka, suka fara sakinsa a 1981, ya bazu da kansa. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Nan maƙwabtanmu Nijar, a yankin Maraɗi, ana rataye 'yan buhunan da aka sa wa hatsi da tsutsa da matan wani zanzaron a gonakin gero, su hayayyafa su fita su kashe tsutsar murzuna mai cin zangarniya. Iyayenmu da ke shuka gero da wake da riɗi a gona ɗaya ba su san waɗannan sunaye ba, amma gonarsu ba ta taɓa rasa masu gadi.

Na zauna da niyyar jera shawara goma sha wani abu, amma na san ba za ku karanta ba. Ku yaran yanzu bidiyon minti ɗaya a waya ya fi muku maganar wanda ya yi shekara 30 a kunya. Wani ya ɗaga kwalba a Facebook ya ce "wannan ba ya barin komai", ku ruga ku saya, ba ku tambayi kanku ko barin komai ɗin alheri ne ba. Durƙusawa ma kuna jin ƙyuya, kada wando ya yi ƙasa.

To, ka duba kafin ka haɗa. Sau biyu a mako, da sassafe, ka ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri tsiro goma, ka juya ganye. A masarar da ba ta kai gwiwa ba, in cikin 50 ɗin ba su kai goma masu sabuwar ɓarna da kashin tsutsa a ƙoƙo ba, bar injin a ɗaki: murƙushe ƙwan da hannu, ka zuba yashi ko toka a ƙoƙon waɗanda suka kamu. A wake ƙarami, in darɓa a 'yan wurare take kuma ka ga ɗan kada ko kumburarriyar darɓa, ba ta kwana huɗu. Sau da yawa ruwan sama mai ƙarfi ɗaya da waɗannan ma'aikata sun gama da ita. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a tsiron, ba cin darɓar take ba, zaƙin da take fitarwa take sha, har tana korar masu cin ta.

In ya zama dole, fara da darbejiya. Ka tsinci ƙwallon da ya nuna ya faɗo, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka fasa ka daka ƙwayar. Giram 50 a kowace lita, wato giram 800 ga tanki mai lita 16. Ka jiƙa ya kwana, ka tace sau biyu da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba bakin injin zai toshe. Ka narka ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki don ya kama ganye. In ya yi yawa yana ƙona toho. Ka fesa da yamma a ranar, har ƙarƙashin ganye, domin rana na kashe ƙarfinsa. Ƙwallon da ya yi fumfuna ko ya daɗe a ajiye ba ya aiki. Kuma kada ka sa ran ganin gawa a kwari: hana ƙwaro ci da girma yake yi, sai ka maimaita bayan mako.

Na ce a yi haƙuri, amma a wake mai fure kada ka yi haƙuri ko na kwana biyu. Na san maganar ta ci karo da ta baya, haka gonar take. Ɓare fure 20 a tafin hannunka. In ka ga siraran baƙaƙen ƙwari suna gudu da yawa, ko fure ya manne da kwanso da saƙa da kashin tsutsa, fesa. Masu cin ƙwari ba sa iya riƙe waɗannan a kan lokaci, wanda ya jira harawa zai girba. Feshi uku sun isa: lokacin da ya fara ɗaurin fure, wajen kwana 30 zuwa 35 da shuka, sai bayan kwana goma, sai bayan wasu goman. Irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019 yana kare kansa daga tsutsar kwanso, amma ba ya hana ƙwarin fure da masu tsotsar kwanso, shi ma yana son feshi biyu.

Magani ɗaya a tanki, awon da takarda ta faɗa, da sirinji ba da murfi ba, bayan la'asar sakaliya in zuma ta koma gida. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan kwalbar: lamda da saifametirin gida ɗaya ne, daimetowet da kulofirifos da fiya-fiya gida ɗaya ne, canza kwalba a cikin gida ɗaya ba canji ba ne. Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ko takardarta ta goge, kada ta shiga gonarka. Kada ka hura bakin injin da bakinka, kuma madarar da kuke sha bayan feshi ba ta wanke guba. Ka bar layin riɗi ko rama ko yakuwa a gefen gona ba tare da feshi ba, domin iyayen waɗannan ma'aikata ruwan fure suke sha, daga nan kuma suke dawowa cikin gona.

Ɗan ƙanin nawa bai yarda duka ba. Ya mayar da kwalabe biyu cikin buhu, ya ce zai fesa lamda kaɗai da yamma, ya bar mini kunya shida ta gefen gabas, inda muka ga ɗan kadan. Na kafa kara a iyakar. Ranar Asabar ta sama za mu koma tare mu juya ganye hamsin a kowane ɓangare, shi zai ƙirga.