Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aljihu Biyu

Makon jiya na tsaya a inda odar jakunkuna ta fara fin ƙarfina a Instagram. To a nan ne maganar Kawu ta dawo min: "Wanda bai raba aljihun gida da na kasuwa ba, ranar da kasuwar ta faɗi da gidan za ta tafi." Tun muna yara yake faɗinta, mu kuwa mun ɗauka surutun tsufa ne.

Shekara uku ina sayar da kaya da sunana, kuɗin kwastoma na faɗawa asusun da nake biyan kuɗin makarantar yara. Da na kawo zancen rajistar kamfani, Yaya ta kwashe da dariya, wai waya ɗaya da kwali biyar ne kamfanin? Har yau dariyar nan na ci min rai, ko da yake ita ta ce ba ta tuna ba.

Wata lauya cikin kwastomomina ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Anti, a idon doka kamfani mutum ne daban. Shi ke cin bashi, shi ake kai wa ƙara." Ta ba ni labarin Salomon, mai yin takalma a Landan, da kamfaninsa ya durƙushe aka nemi ɗora masa bashin, amma a 1896 kotun ƙarshe ta Ingila ta ce bashin na kamfani ne. Aljihu biyun Kawu ke nan, da hatimi. Sai dai ba ta ɓoye min ɗawainiyar ba: rahoto duk shekara ko an yi ciniki ko ba a yi ba, asusu daban, akanta, haraji. Kuma in za ki ci bashin banki, sau da yawa sai kin tsaya wa kamfanin da kanki.

Akantan nan ne ya tsorata ni, na yi ta jan ƙafa. Ana haka kwali huɗu suka iso a jiƙe, fatar duk ta yi funfuna, mai kawo kayan ya kashe waya. Kwamfutata na sayar na mayar wa mutane kuɗinsu. Yaya ko sannu.

Kawu bai ga takardar rajistar ba, Allah ya jiƙansa. Ranar da ta fito ma wani rikicin ne, don sunan da na zaɓa tun farko wani ya riga ni. Sai mako mai zuwa.