Kunyar ɗan fari da cibiyar da aka gasa

A gidanmu na Ƙofar Marusa, nan cikin Katsina, na yi wankan jegon fari. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti, malamar jinya ta ba ni maganin cibiya, kulohezidin, ta ce a wanke hannu da sabulu a shafa kullum, kada a haɗa shi da komai, kada kuma ya kusanci ido. Na jefa shi cikin jaka.

Gwaggo ce ke wankan jariri, ita kuwa a wurinta cibiya sai da gashi. Ta ɗora tsumma a kasko mai zafi ta danna, ta bi da man goge baki, don dai ta faɗi kafin suna. Ina kallo ban ce uffan ba. Ɗan fari ne, wace ni in nuna damuwa da shi gaban manya?

Kwana biyar da haihuwa ya daina kama nono. Ba kuka, sai barci. 'Yan barka har yabonsa suke, wai yaro mai haƙuri. Da na kwance zanen goyo na ga gindin cibiyar ya yi jawur, yana wari.

"Gwaggo, don Allah a kai shi asibiti."

"Ke 'yar nan, ɗanyen jego za ki fita da shi?"

Na kira babansa a waya.

Likita ya ƙirga numfashinsa, ya haura 60 a minti ɗaya. Ya ce ƙwayoyin cuta sun bi ta cibiya sun shiga jini. Na ce ai jikinsa ba zafi. Ashe ba kowane jariri ke zazzaɓi ba, wani ma sanyi ƙalau zai yi. Ƙin nonon kaɗai ya isa a garzayo. Ya tambaya ko an yi mini allurar sarƙewar haƙora lokacin awo, na ce sau biyu. Aka kwantar da mu kwana 7 ana yi masa allurar ampisilin da jentamaisin. Muna gadon asibiti aka yanka ragon suna.

A haihuwa ta biyu, tun ranar farko na miƙa wa Gwaggo maganin da hannuna. Ita ta riƙa shafawa, tana mita wai cibiya ta ƙi faɗuwa. Sai kwana tara ta faɗi, a bushe.