Baƙin da suka sauka a zauren Baffa

Ƙauyenmu yana bakin kogi a ƙasar Sudan, ba nisa da Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu hanyar Makka ce ta ajiye su a nan. Shi ya sa da wasu ɗalibai 'yan Kano da Sakkwato da Maraɗi masu karatu a Hartum suka ce suna so su yi hutu a wurinmu suna koyarwa, da murna na amsa, na ce masauki a wuyana.

Zuwan farko ni na ɓata shi. Ban shawarci kowa ba na tsayar da rana, sai ta faɗo daidai yankan riɗi. Riɗi kuwa ba ya jira, ka yi jinkiri ya fashe ya zube a gona. Samari duk suna daji, baƙi na zaune da allo ba mai karatu, ga mata na ta fama da girkin kisra da asida, abincin Sudan, na baki goma sha biyu. Da suka tafi Baffa ya kira ni, ya ce, "Ɗana, ka gayyato baƙi, amma rumbun wa ka tambaya?" Ban iya ɗaga kai ba.

Da shekara ta zagayo gari ne ya zaɓi lokaci, bayan an kai amfani gida. Ɗaliban suka zo da guzurinsu, muka haɗa kowane baƙo da saurayi ɗaya ɗan gari, tare suke kwana, tare suke koyarwa. Masu karatun likita suka zauna da iyaye kan tsargiya, domin yaranmu a ruwan ban gona suke wuni, har wasu na ɗaukan fitsarin jini alamar girma ce ga yaro.

Amma abin da ya fi taɓa ni ba ya cikin tsarinmu. Yaranmu in sun shiga birnin Sinnar Larabci suke yi, suna ɓoye Hausa kada a ce musu Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma a nan. Sai ga ɗan jami'a yana ciniki da Larabci a kasuwa, ya juyo yana hira da Hausa da ƙarfi, ko a jikinsa. Iya da ta ji Sakkwatanci ta riƙe hannun yaron tana hawaye, ta ce, "Jikana, haka kakana yake magana." Daga ranar ƙannena suka matsa sai an koya musu rubutun boko.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kwashe ɗaliban, wasu ta Masar, wasu ta Fot Sudan. Ajin dare da ɗaliban suka fara dai bai mutu ba, samarin nan da muka haɗa su da baƙi su suka riƙe shi. In intanet ta dawo, suna tura hoton allo Kano ta WhatsApp a duba musu.