Motar da aka kusa sauke wa giyabos saboda taya biyu

Garejina ƙarami ne, a Kano yake: rami ɗaya, jak biyu, da yara huɗu masu koyon aiki. Da motocin Japan na fara kamar kowa, amma a 'yan shekarun nan mafi yawan abin da ke shigo min motocin Jamus ne, musamman masu ja da ƙafa huɗu. A irin waɗannan motocin ba ƙarfin hannu ne ke ciyar da mutum ba, gano inda ciwon yake ne. Kwance ƙarfe da ɗaurawa yaro zai iya cikin wata shida. Sanin wanne ƙarfen ya kamata a kwance, shi ne aikin da nake karɓar kuɗi a kansa.

Wata ranar Talata wani Alhaji ya kawo BMW X3 ƙirar 2006, mai silinda shida. Kukansa shi ne idan ya tashi daga tsaye, ko ya taka totur zai wuce wata mota, sai ta ɗan noƙe, sannan ta riƙa fizga kamar ana riƙe ta ta baya ana saki. Kafin ya iso wurina an canza masa fulogogi shida, an canza koyil, an canza famfon mai, an wanke nozul, an yi juyen man giya. Magana ta ƙarshe da aka gaya masa ita ce ya nemo giyabos ɗan Baljiyam.

"Malam, ni dai ka sauke min shi kawai, na gaji," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka ba ni wuni ɗaya. In giyabos ne, gobe da hannuna zan sauke shi."

Ba na ganin laifin waɗanda suka fara taɓa ta. Fizgar da taransifa, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ke yi tana kama da ta injin da fulogi ya mutu, sak. Duk wanda ya saba da mota mai ja da ƙafa biyu, can hankalinsa zai fara zuwa.

Na jona kwamfuta, na sa yaro ya riƙe ta a kujerar gefe, muka hau titi. Abin da nake kallo shi ne ko akwai silindar da ke tsallake wuta a daidai lokacin fizgar. Babu ko ɗaya. Lissafin mai da iska daidai, kuma a tsaye injin yana karɓar totur ba tari ba shaƙewa. Na duba robar da ke kai iska cikin injin, don a wannan injin takan tsage ta riƙa zuƙo iskar da ba a lissafa da ita ba. Lafiyarta ƙalau. Sai na mayar da giya hannu, na kulle ta a lamba uku, na taka. Giyar ba ta canza ba, allurar injin ba ta yi tsallen da take yi idan giyabos na zamewa ba, amma fizgar tana nan. Kuma a ƙarƙashin kujera nake jin ta, ba a gaba ba.

Da muka dawo na murɗe sitiyari har ƙarshe, na riƙa zagaye a hankali a filin gaban gareji. Nan ta tona kanta. Ƙafafun suka riƙa tirjewa, suna kankare ƙasa, motar na yin tsalle ƙanana-ƙanana kamar an ɗaure gaba da baya da igiya ɗaya.

Ga yadda abin yake. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati, shi muke kira taransifa. Shi ke raba ƙarfin injin tsakanin farfelar baya da ta gaba, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi ga ƙafafu. A tsarin xDrive, wanda BMW ya fito da shi a 2003, ƙafafun baya a haɗe suke kullum, na gaba kuma ta hanyar kuloci mai faifai da yawa da ke cikin mai ake ba su rabonsu, sarƙa ta ɗauka ta kai wa farfelar gaba. A tafiya ta yau da kullum kusan kashi 40 ne a gaba, 60 a baya. Wata 'yar mota ta lantarki, wato ɗan ƙaramin injin lantarki, da ke maƙale a jikin akwatin ita ke matse kulocin ko ta sassauta shi, bisa umarnin kwamfutar da ke ƙirga gudun kowace ƙafa. A kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, don haka dole kulocin ya sassauta. Idan ya ƙi sakin, ko yana kamawa yana kuɓucewa, shi ne wannan tirjiya da fizga.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi kafin in taɓa ko noti ɗaya. Na kashe mota, na shiga rami, na zare soket ɗin 'yar motar lantarkin nan. Yanzu motar Alhaji ta koma mai ja da baya kaɗai. Fitilu suka kama a dashbod, wannan dole ne. Muka sake hawa titin nan, wuri ɗaya, giya ɗaya, totur ɗaya. Sumul. Na kira Alhaji ya tuƙa da kansa. Ya dawo yana cewa, "To ai shi ke nan, a bar ta haka."

Na ƙi. Gwaji ne, ba gyara ba. Muddin soket ɗin na cire, na'urar da ke daidaita mota idan ta fara santsi ba ta aiki yadda ya kamata, kuma ranar da zai buƙace ta, a kan titi mai ruwa da iyali a ciki, ba za ta yi sallama ba. Haka nake ƙin al'adar nan ta cire farfela a jefa a but a ce an gyara. Mutum ya biya kuɗin mota mai ja da ƙafa huɗu, a mayar masa da ita rabi, ciwon kuma yana nan a ɓoye.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: me ya gajiyar da taransifar? Domin in ka sa sabuwa ba ka kawar da sanadin ba, ita ma hanyar za ta bi.

Na tsuguna na karanta lambobin da ke jikin tayoyi. Na baya 235/55 R17, girman da ya dace da motar. Na gaba 225/55 R17. Da ido ba za ka bambance su ba. Alhaji ya ce watannin baya ya fasa biyu a rami, ya sayi na hannu, mai faci ya ce masa duk 17 ne, za su hau. Sun hau kuwa. Na aiki yaro ya aro tef wurin telan da ke makwabtaka da mu, muka ɗaga motar muka zagaye kowace taya. Na gaba sun gaza na baya da kusan santimita 3 da rabi.

Kamar ba komai ba ne, sai ka yi lissafi. A kilomita ɗaya tayar baya tana juyawa kusan sau 461, ta gaba kusan sau 469. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 200, bambancin ya wuce juyi 1,500. Wa ke shanye wannan bambancin? Faifan kulocin nan, suna gogar juna, mai yana zafi yana ƙonewa. Kwamfutar kuma tana ganin gaba da baya ba su daidaita ba, sai ta riƙa sa 'yar motar lantarkin aiki ba hutu. A mota mai ja da ƙafa biyu, taya daban-daban ba ta cika yin irin wannan ɓarnar ba, shi ya sa mutanenmu ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. A wannan kuwa, taya ɓangare ce ta giya. Ko lamba ɗaya ce, idan biyu sababbi ne biyu sun suɗe, ko kamfani ya bambanta, ko iska ba daidai ba, zagayen kan bambanta.

Da muka kwance notin juye, man da ya fito bai kai lita ɗaya ba, dama abin da akwatin ke ɗauka ke nan, amma baƙi ƙirin, yana warin ƙauri. Na shafa a yatsa na fita rana: akwai ƙurar faifai, amma babu ɓarɓashin ƙarfe mai sheƙi. Wannan ya kwantar min da hankali game da sarƙa da boris. Na tabbata tun da motar ta bar masana'anta ba wanda ya taɓa wannan man, don masu juye a injin da giyabos suke tsayawa. Na ciro 'yar motar lantarkin na buɗe. A cikinta akwai gila ta roba, wato ɗan faifai mai haƙora, da wani ƙarfe mai zare ke juyawa. Haƙoranta sun cinye ta gefe ɗaya, inda ta fi yin aiki. Idan ta ƙarasa cinyewa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashin mota bayan ka kashe injin, fitilun 4x4 da ABS da birki su kama tare. Tasa ta kusa.

Na zaunar da Alhaji a benci na gaya masa gaskiya. Taya huɗu iri ɗaya, kamfani ɗaya. Sabuwar gila. Man taransifa nasa na musamman, ba man giya na gama-gari ba, don kulocin da irin santsin wannan man aka auna shi. Sannan a shiga kwamfuta a shaida mata an sa sabon mai, ta sake koyon inda kulocin ke kamawa. Na ƙara da cewa ban yi masa alƙawari ba. Idan faifan sun riga sun ƙone, sai an sauke akwatin. Na taɓa samun wadda aka yi wa duk wannan aikin amma fizgar ba ta tafi ba, dole muka buɗe.

Kuɗin tayoyin ne ya fi yi masa nauyi, ya nemi a canza biyu kawai. Muka sake auna na bayan, sun suɗe sosai, sababbi a gaba za su haifar da wani bambancin ta ɗaya ɓangaren. Ya yi shiru, sannan ya ce a sa huɗun.

Washegari da la'asar muka fita gwaji. Fizgar ta ragu ƙwarai amma akwai ɗan saura a kwana. Na ce ya yi tafiyar mako biyu ya dawo. Da ya dawo na sake juye man, ya fito da ɗan duhu, na zuba sabo. Na murɗe sitiyari har ƙarshe a filin nan, ta zagaye shiru, ba ta bar ko zane ɗaya a ƙasa ba. Giyabos ɗinsa na asali yana nan a jikinta.

Tef ɗin ban mayar wa tela ba, na biya shi kuɗinsa. Yana rataye a ƙusa kusa da bakin rami, kuma duk mai ja da ƙafa huɗu da ta shigo, yarana sun san tayoyi ake fara aunawa kafin a buɗe bonet.